Babi na Bakwai: Shafin Ƙaramar Hukuma Ba Tare da Ɗan Jagora Ba

Babu gwamnatin da ta kai ƙaramar hukuma kusa da talaka. A Najeriya akwai guda 774, jihar Kano kaɗai tana da 44. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukansu: kasuwanni da tashoshin mota, maƙabartu, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sanya wa tituna suna da bai wa gidaje lamba, har da lasisin keke da baro da kwalekwale. Sai kuma takardar nan da kowane ɗalibi da mai neman aiki ya san zirga-zirgarta, wato takardar shaidar asali, wadda kowa ke kira indijin. Mai son shiga soja, da mai neman tallafin karatu, da mai neman gurbin aikin gwamnati, duk sai sun taka ƙofar sakatariya.

Sannu a hankali waɗannan hidimomi suna komawa intanet. Wasu ƙananan hukumomin sun buɗe shafi na kansu, wasu kuma sun tsaya a shafin Facebook da jami'in yaɗa labarai ke riƙe da shi a wayarsa. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kiran da ake yi musu na baje kasafin kuɗi da kwangiloli a idon jama'a ya ƙara ƙarfi. Ke nan shafuka za su ƙaru. Abin tambaya shi ne, jama'ar da za a baje wa ɗin ta haɗa da makaho da kurma da wanda hannunsa ba ya riƙe waya daidai?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tasiri. Mu kuwa ba mu buƙatar alƙaluma kafin mu gane. Kowace unguwa tana da wanda shan inna ta taɓa kafin a ayyana kawar da ita daga Afirka a 2020, da wanda sanƙarau ya bari da kurunta, da dattijon da yanar ido ko hawan jinin ido ya rage masa gani, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Dukkansu 'yan ƙaramar hukuma ne, suna zaɓe, kuma da yawansu suna biyan kuɗin rumfa da na tasha kamar kowa.

Abin da makaho yake ji

Mutane da dama har yau suna mamaki idan suka ga makaho yana latsa babbar waya. Sirrin yana cikin manhajar da ke karanta abin da ke kan fuskar waya da murya. A wayoyin Android sunanta TalkBack, a iPhone kuwa VoiceOver, wadda ta shigo wayar tun 2009. A kwamfuta akwai JAWS ta kuɗi, akwai kuma NVDA ta kyauta, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina tun daga 2006. Mai amfani da ita yana shafa yatsa zuwa dama, muryar ta karanta masa abu na gaba. Idan ya iso kan abin da yake so, sai ya ƙwanƙwasa sau biyu. Wanda ya ƙware yakan ƙara saurin muryar har mai sauraro daga gefe ya kasa tsintar ko kalma ɗaya.

Manhajar nan rubutu take karantawa. Idan ta ci karo da hoto, sai ta nemi ɗan bayanin da mai shafi ya liƙa masa a ɓoye. In babu, ko ta yi shiru, ko ta karanta sunan fayil ɗin.

To mu ɗauki wani matashi makaho da ya gama kwalejin ilimi, ya ji ƙishin-ƙishin cewa ƙaramar hukumarsu za ta ɗauki malaman firamare. Ya buɗe shafin. Shafa ta farko, muryar ta ce masa hoto. Ta biyu, hoto. Ta uku, maɓalli, ba suna. Hotunan nan na shugaban ƙasa ne da gwamna da ciyaman, suna juyawa da kansu a saman shafin, kuma duk juyin da suka yi sai ya rasa inda yake. Da ƙyar ya gangaro zuwa wajen sanarwa. Can sai muryar ta shiga jero masa haruffa da lambobi: I, M, G, 2024, WA0007. Wannan ita ce sanarwar ɗaukar aikin. An ɗauke ta a hoto, an turo ta WhatsApp, an ɗora ta yadda take. Ranar rufewa, da takardun da ake buƙata, da ofishin da za a kai, duk suna ciki, amma a wurinsa babu ko ɗaya.

Yana da kyau a bi tafiyar wannan sanarwa tun daga tushe, domin a nan matsalar take, a nan kuma maganinta yake. Mai buga takardu ya zauna gaban kwamfuta ya buga ta. A wannan lokacin rubutu ce sosai, kowace manhaja za ta iya karanta ta. Sai aka fitar da ita a takarda, sakatare ya sa hannu, aka buga hatimi, aka manna a allon sanarwa. Jami'in yaɗa labarai ya zo ya ɗauke ta da waya, a karkace, inuwar hannunsa ta rufe layi biyu. Abin da ya fara a matsayin rubutu ya ƙare a matsayin hoto. Haka lamarin yake ga takardar da aka sa a na'urar sikanin aka mayar da ita PDF: ido yana ganin rubutu, manhaja tana ganin hoto.

Ma'aikata suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. A zamanin da sanarwar bogi ta yi yawa, hatimi da sa hannu su ne ke tabbatar wa mutane cewa takarda daga ofis ta fito. Amma babu abin da ya hana a haɗa biyun. A kwafo rubutun daga kwamfutar mai bugawa a liƙa shi a shafin, sannan a ɗora hoton takardar mai hatimi a ƙarƙashinsa don shaida. Ba a sayi komai ba, ba a kira ɗan kwangila ba. Gaskiya ne cewa akwai manhajojin da ke ƙoƙarin tsinto rubutu daga hoto, amma idan hoton ya karkace, ko hatimi ya hau kan kwanan wata, ko jadawalin sunaye ne mai layi-layi, abin da suke fitarwa ba abin dogaro ba ne. Ba a ɗora makomar mai neman aiki a kan cankar na'ura.

Fom, da sirrin da ake tonawa

A ce matashin nan ya samu wani ya karanta masa sanarwar. Saura cike fom. Mai gani yana ganin an rubuta "sunan mahaifi" a gefen akwati, ya san abin da zai sa. Idan mai gina shafin bai ɗaure wannan lakabi da akwatin ta cikin rubutun gini ba, muryar akwati kawai za ta ce, sau goma sha, ba tare da ta faɗi na mene ne ba. Ya yi kuskure a wani wuri, shafin ya zagaye akwatin da ja bai ce uffan ba. A ƙarshe kuma sai a kawo jarrabawar nan ta tabbatar da cewa kai mutum ne, mai murɗaɗɗun haruffa ko hotunan fitilun hanya, ba tare da wata hanya ta daban ba. Nan tafiya ta tsaya.

Abin da ya rage masa shi ne shagon kafe. Ya nemi ƙanensa ya raka shi, ya biya kuɗin adaidaita na mutum biyu, ya biya mai shago. Sai a fara: "Malam, karanto mini lambar NIN ɗinka. Ranar haihuwa fa? Wace kalmar sirri zan sa maka?" Duk wanda ke layi yana ji. Idan fom ɗin na tallafi ne, har lambar asusun banki da bayanin rashin lafiya sai sun fita. Mai ido yana yin wannan a ɗakinsa da dare, ba wanda ya sani. Shi kuwa an tilasta masa ɗan jagora a wurin da wayarsa ta isa ta jagorance shi, kuma kuɗin hidimar ya ninka a kansa, shi da ya fi kowa ƙarancin hanyar samu.

Wannan ne ma'aunin da ya kamata kowane shugaban ƙaramar hukuma ya riƙe: shin mutum zai iya gama buƙatarsa shi kaɗai, daga farko zuwa ƙarshe, ba tare da ya buɗe wa kowa cikinsa ba?

Ƙa'idojin da duniya ta yarda da su

Ba sai kowace ƙaramar hukuma ta ƙirƙiro nata tsarin ba. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da jagorar da ake kira WCAG tun 1999, ta sabunta ta a 2008 da 2018 da 2023. Tana da matakai uku, A da AA da AAA, kuma na tsakiyar ne gwamnatoci suka fi ɗauka a matsayin doka. Ginshiƙanta huɗu ne: mutum ya iya riskar abin da ke shafin ko da ido ko da kunne ko da taɓawa, ya iya sarrafa shi, ya iya fahimtarsa, sannan shafin ya yi aiki da na'urori da manhajoji iri-iri. Rubutun jagorar yana da tsawo, amma idan aka sauko da shi kan mutanen da muka sani, sai ya zama mai sauƙi.

Masu raunin gani sun fi makafi yawa nesa ba kusa ba. A cikinsu akwai zabiya, akwai dattawa. Su abin da ke cutar da su shi ne rubutu mai haske a kan bango mai haske. Masu gina shafukan gwamnati a ƙasar nan suna son kore da fari saboda tuta, sai ka ga koren rubutu mai shara-shara a kan farin fili. Ƙa'idar ta ce bambancin hasken rubutu da na bango ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, kuma akwai shafukan kyauta da ke auna wannan cikin daƙiƙa. Ta kuma ce idan mutum ya ninka girman rubutu sau biyu, kada layuka su hau kan juna ko maɓalli ya ɓace. Launi shi kaɗai kuma ba ya isar da saƙo. Idan jerin sunaye ya nuna waɗanda aka ɗauka da kore, waɗanda aka ƙi da ja, to wanda ba ya bambance launukan nan biyu ya shiga uku. A rubuta "an ɗauka" ko "ba a ɗauka ba" a gaban kowane suna.

Mai rawar hannu, da wanda kuturta ta ci yatsunsa, da wanda hannu ɗaya kawai ke masa aiki, su kuma ƙananan maɓallai da ke manne da juna ne abokan gabarsu. Wasu ba sa iya riƙe linzamin kwamfuta ko kaɗan, da madannai kawai suke aiki. Gwajin wannan kowa zai iya yi a ofis: a ture linzamin gefe, a riƙa danna maɓallin Tab. Idan ana ganin inda aka tsaya a kowane danni, kuma aka kai ga kowane sashe har aka tura fom, to an ci. Idan aka maƙale a wani akwati ba fita, to an ga inda mutum zai maƙale. Sai kuma fom mai ƙare wa'adi ba gargaɗi. Wanda ke buga harafi ɗaya-ɗaya da gefen hannu ya kai rabi, shafin ya share komai ya ce a sake. Ƙa'idar ta ce a yi masa gargaɗi, a ba shi damar ƙara lokaci.

Mai farfaɗiya kuma walƙiyar haske na iya tayar masa da ciwo. A watan Disamba na 1997, wani shirin zanen yara na Pokémon a talabijin ɗin Japan ya sa aka kwashi ɗaruruwan yara zuwa asibiti saboda ja da shuɗi da suka riƙa walƙiya na 'yan daƙiƙoƙi. Saboda irin wannan haɗari ne ƙa'idar ta hana abin da ke walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa ɗaya. Rubutun nan mai ƙiftawa na "SABO! SABO!" da ake liƙa wa sanarwa, babu wanda zai yi kewarsa.

Kurame da batun harshe

Ana yawan ɗauka cewa kurma ba shi da matsala da intanet tunda yana gani. Amma idan ciyaman ya yi jawabin minti ashirin a bidiyo kan rabon taki, ba a rubuta maganar a ƙasan hoton ba, ba a kuma kawo taƙaitawa a rubuce ba, kurma leɓe kawai ya gani yana motsi. Haka nan shafin da ya ce "don ƙarin bayani a kira wannan lamba" ya rufe masa ƙofa. A ƙara lambar da ake tura saƙon tes ko WhatsApp, a kuma sa wanda zai amsa.

Akwai ƙarin wani abu. Wanda aka haifa kurma, harshensa na farko na hannu ne, rubutu kuwa harshe na biyu. A arewacin Najeriya ma harsunan hannun biyu ne. Akwai wanda ake koyarwa a makarantun kurame, mai tushe a na Amurka, wanda Andrew Foster ya kawo lokacin da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Akwai kuma maganar hannu ta ƙasar Hausa, wadda kurame suka gada a tsakaninsu tun kafin zuwan boko, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano. Idan za a sa tafinta a bidiyon sanarwa mai muhimmanci, kamar ta rigakafi ko ta ambaliya, kuramen yankin ne za su faɗi wanne suka fi ji.

Turancin ofis kuma shinge ne ga kowa, ba ga kurma kaɗai ba. Sanarwar da ta fara da dogon sharar fage, ta ɓoye ranar rufewa a sakin layi na huɗu, tana wahalar da mai jinkirin fahimta da mai ƙaramin karatu. A fara da abin da ake so a yi, da ranar, da wurin, da kuɗin. A kawo ta da Hausa ko harshen da yankin ke ji. Idan an kawo Hausar kuma, a buga ɓ da ɗ da ƙ na ainihi, waɗanda yawancin wayoyi ke ganewa, maimakon tsofaffin salon haruffa da ke rikiɗa zuwa akwatuna a wayar da ba ta da su. Sannan mai gini ya sa alamar harshe, wato ha, a cikin rubutun gini, don manhajar karatu ta san ba Turanci ne a gabanta ba.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Wannan gwagwarmaya ta girmi yawancin shafukanmu. A shekarar 1999, wani makaho ɗan Ostireliya mai suna Bruce Maguire ya kai ƙarar kwamitin shirya gasar Olamfik ta Sidini saboda shafinsu bai karantu masa ba. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ba shi gaskiya a 2000, aka kuma umarci kwamitin ya biya shi diyyar dalar Ostireliya 20,000. A Kanada, Donna Jodhan ta kasa neman aikin gwamnati ta intanet saboda makanta, ta kai gwamnatin tarayya kotu, kuma a 2010 kotu ta ba gwamnatin wata 15 ta gyara shafukanta.

A Birtaniya, dokar 2018 ta wajabta wa hukumomin gwamnati, har da majalisun ƙananan hukumomi, su daidaita shafukansu, tsofaffin shafuka kafin 23 ga Satumba, 2020. Ta kuma ce kowane shafi ya wallafa bayanin inda ya cika ƙa'ida, da inda ya gaza, da yadda za a kai ƙorafi. A Amurka, dokar kare masu naƙasa ta kasance tun 1990, amma sai a Afrilun 2024 Ma'aikatar Shari'a ta fitar da ƙa'idar da ta ɗaure jihohi da ƙananan hukumomi da WCAG 2.1 a matakin AA. A yadda aka fitar da ita, masu mutane 50,000 zuwa sama an ba su shekara biyu, ƙanana kuma shekara uku.

Kada a ɗauka su can sun gama. Cibiyar WebAIM ta Jami'ar Jihar Utah tana duba shafukan farko na manyan gidajen intanet miliyan ɗaya duk shekara, kuma a 2024 ta samu kurakurai a sama da kashi 95 cikin 100. Kan gaba a kurakuran su ne rubutu maras ƙarfin launi da hoto maras bayani, wato waɗanda suka fi sauƙin gyara.

Akwai hanyoyi biyu na gudun aiki da aka gwada a can, ya kamata mu san su tun kafin su iso. Ta farko ita ce sauke komai. A 2017, bayan Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta ce darussan da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ke bayarwa kyauta ba su isa ga kurame da makafi ba, jami'ar ta janye sama da bidiyo da sauti 20,000 daga idon jama'a. Kowa ya yi asara. Ƙaramar hukumar da ba ta son a ga kasafinta za ta iya fakewa da irin wannan, don haka a riƙe cewa gyara ake nema, ba saukewa ba. Ta biyu ita ce manhajar da ake manna wa shafi, mai ɗan zanen mutum a kusurwa, wadda ake tallatawa da cewa ita kaɗai za ta gyara komai. A 2025 hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci kamfanin accessiBe tarar dala miliyan ɗaya kan irin wannan iƙirari. Fenti ba ya gyara tsagaggen gini.

Me dokarmu ta ce?

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2010, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci intanet da sunanta cikin abubuwan da dole a sauƙaƙa musu. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya, wadda ta haramta hakan ta kowace fuska, ta sa tarar naira miliyan ɗaya ga hukuma ko kamfani, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum. Daga ita aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su a 2020. Legas tana da tata dokar tun 2011, wasu jihohin ma sun yi nasu.

Dokar ta fi yin bayani dalla-dalla a kan gine-gine da sufuri, ta ba da wa'adin shekara biyar na gyaran gine-ginen gwamnati, wanda ya cika a farkon 2024. Amma akwai sashen da ya taɓo zancenmu kai tsaye: ta nemi hukumomin gwamnati su yi iya ƙoƙari su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu naƙasa. Idan tallan aikin hoto ne, fom ɗin kuma ba ya cikuwa da manhajar karatu, to an toshe kason tun kafin a fara tantancewa. Sai a zo a ce ba su nema ba.

Hukumomin tarayya sun nuna abin yana yiwuwa idan an so. INEC ta kawo jagorar ƙuri'a mai rubutun makafi a zaɓen 2019, JAMB kuma tana da tsari na musamman ga makafi masu jarrabawa. Ɗaliban da suka fito daga makarantu irin su ta makafi ta Gindiri, wadda aka kafa a 1953, ko ta Tudun Maliki a Kano, suna wuce waɗannan matakai su kai jami'a, sannan su dawo gida takardar indijin ta gagare su.

Aikin ofis da aikin ɗan kwangila

Aikin kashi biyu ne. Kashi na farko na ma'aikata ne, kuma na kullum. Shafin da aka gina da kyau yana lalacewa cikin wata guda idan mai ɗora sanarwa bai san abin da yake yi ba. Horon yini ɗaya ya isa a koya wa jami'in yaɗa labarai da mai buga takardu abu huɗu: a ɗora rubutu tare da hoton takarda, a rubuta wa kowane hoto mai ɗauke da saƙo gajeren bayani, wanda Facebook ma yana da gurbinsa, a sa kan magana na ainihi don makaho ya yi tsalle daga sashe zuwa sashe, a daina rubuta "danna nan", a rubuta "sauke fom ɗin rumfar kasuwa". Bayanin hoto kuma ba yabo ba ne. "Sabuwar rijiyar burtsatse a bayan makarantar firamare" ya fi layi uku na kirarin mai girma.

Kashi na biyu na kwangila ne. A rubuta a takardar yarjejeniya cewa shafin zai cika WCAG a matakin AA, domin gyara bayan an gama gini ya fi tsada. A nemi shafi maras nauyi, wanda ƙaramar waya za ta buɗe a ƙauyen da sabis ke rawa. Wannan ribar ta kowa ce, har da mai karanta waya a tsakiyar rana da mai fasasshen gilashi. Akwai kayan gwaji na kyauta irin su WAVE da Lighthouse, amma wani ɓangare na kurakurai kawai suke kamawa. Na'ura za ta gane cewa hoto yana da bayani, ba za ta gane cewa bayanin shirme ne ba.

Saboda haka dole a kira masu abin. Al'ummarmu ba ta rasa ta inda za a same su ba: akwai sarkin makafi da sarkin guragu, akwai rassan haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu naƙasa ta JONAPWD, akwai ƙungiyoyin makafi da na kurame da na zabiya, cike da matasa masu ilimi da waya a hannu. A gayyace su tun ana zana shafin, mata da maza, kuma a biya su kuɗin aiki kamar yadda ake biyan kowane mai ba da shawara. Kuɗin mota da lemo ba lada ba ne. A wallafa bayanin inda shafin ya gaza, da ofishin da ke karɓar ƙorafi, da kwanakin da za a amsa a ciki. Kuma kada buɗe shafi ya zama dalilin rufe taga a sakatariya ko daina sanarwa a rediyo da masallaci da coci, domin akwai dubban da ba su da babbar waya.

Ƙarfin ciyaman a kan ɗan kwangila yana ƙarewa ne ranar da ya sa hannu a kason kuɗi na ƙarshe. Kafin wannan rana, a zaunar da mutum huɗu a zauren majalisa: makaho, kurma, mai raunin gani, da mai lalurar hannu, kowa da wayarsa ta kullum. A ce su nemo sanarwar baya-bayan nan, su cike fom ɗin indijin, su tura ƙorafi. Ɗan kwangila ya zauna ya kalla, ba a yarda ya taɓa wayar kowa ba. Duk inda ɗayansu ya maƙale, a rubuta. Sai an gyara abin da aka rubuta, an sake zama sun wuce, sannan ma'aji ya saki kuɗin.